Ciwon Gut: Akwai Maganinsa a Cikin Tsirrai?

Ka kwanta da dare lafiya lau. Can tsakar dare, ko gab da asuba, sai zafi ya tashe ka. Gindin babban yatsan ƙafarka ya kumbura, yana zafi kamar an ɗora masa garwashi, fatar wurin tana ƙyalli. Ba ka iya taka ƙasa. Ko zanen rufa ya taɓa wurin sai ka yi ƙara. Ba ka yi tuntuɓe ba, ƙaya ba ta soke ka ba, kunama ba ta harbe ka ba. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya tafi kamar ba a yi ba. Bayan wata shida ko shekara, sai ga shi ya dawo.

Idan wannan ya taɓa samunka, ko ya sami mijinki, ko mahaifinka, to wannan ɗan littafi naku ne. Mutane da yawa suna ce wa ciwon sanyin ƙashi ko amosani, wasu ma suna ɗaukarsa sammu ne ko jifa. Likitoci suna kiransa gut. Larabawa kuma suna ce masa niƙris.

Masu wannan ciwo sukan tambaye mu a asibiti: "Likita, babu wani ganye ko wata saiwa da zan sha in rabu da shi?" Tambaya ce mai kyau, kuma ga amsarta a taƙaice. Ɗaya daga cikin manyan magungunan gut daga tsiro aka samo shi. Amma tsiron nan da kansa yana kisa. Abin da ya raba magani da dafi shi ne awo. Akwai kuma wasu tsirrai da muke ci kullum waɗanda masana suke bincike a kansu. Suna taimakawa kaɗan, amma ba su kai su maye gurbin maganin asibiti ba. Ka biyo mu sannu a hankali, za ka ga dalili.

Mene ne gut?

A cikin jinin kowane mutum akwai wani datti da ake kira asid urik. Jiki ne yake yinsa. Kullum tsofaffin ƙwayoyin jiki suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu. A cikin waɗanda suka mutu, da kuma cikin abincin da muke ci, akwai wani abu da ake kira purin. Hanta tana da wani sinadari mai aiki kamar injin niƙa: ana zuba masa purin, yana fitar da asid urik. Daga nan ƙoda ta tace wajen kashi biyu cikin uku ta zubar a fitsari, sauran ya fita ta hanji.

Ka san yadda sukari yake yi a cikin shayi. Idan ka zuba kaɗan, ya narke. Idan ka yi ta ƙarawa, sai ya kai inda ruwan ba ya iya narkar da shi, ya kwanta a ƙasa. Idan shayin ya huce, kwanciyar ta fi sauri. Haka asid urik yake. Idan ya wuce kimanin miligiram 68 a kowace lita ta jini, sai ya fara kwanciya a gaɓoɓi, ya daskare ya zama kamar ƙananan allurai da ido ba ya gani. Ya fi son wuraren da suka fi sanyi a jiki. Shi ya sa wajen rabin masu gut, a babban yatsan ƙafa yake fara kama su. Yana kuma kama idon sawu, gwiwa, wuyan hannu, gwiwar hannu da yatsu.

Allurran nan suna iya zama shiru shekara da shekaru. Ranar da fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, suka gan su, sai su ɗauka abokin gaba ne ya shigo, su auka musu. Wannan faɗa shi ne kumburi da zafin da kake ji. Yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin awa 12 zuwa 24, ya kuma lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.

Ka riƙe wannan magana da kyau: ciwon yana lafawa da kansa, amma allurran suna nan. Idan aka bar su, tashin ciwon yana ƙara yawa, yana kama gaɓoɓi da dama. Daga baya sai ƙullutu mai tauri ya fito a yatsu, a gwiwar hannu ko a gefen kunne, cikinsa fari kamar alli. Gaɓa ta lalace, hannu ya kasa riƙe hauya, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Asid urik yana kuma iya zama tsakuwa a ƙoda.

Wa yake kamawa, me kuma ke tayar da shi?

Ya fi kama maza daga shekara 30 ko 40 zuwa sama. Mata, yawanci sai bayan sun daina ganin al'ada. Yana bin jini, don haka za ka ga uba da ɗa duk suna da shi. A yawancin masu gut, babban dalili shi ne ƙodarsu ba ta zubar da asid urik yadda ya kamata. Shi ya sa talaka ma yana kamuwa, ba mai cin nama kullum kaɗai ba. Ƙiba, hawan jini, ciwon sukari da ciwon ƙoda sukan zo tare da shi.

Abubuwan da suke tayar da shi su ne:

Cin nama da yawa a lokaci ɗaya, musamman kayan ciki: hanta, ƙoda, zuciya, da romonsu. Shi ya sa ciwon yakan tashi bayan Babbar Salla, Kirsimeti, biki ko suna.

Kifin gwangwani irin sardin.

Giya, burkutu da sauran barasa. Giyar hatsi ta fi kowace tayar da shi.

Lemun kwalba da duk abin sha mai sukari da yawa.

Rashin ruwa a jiki, kamar aikin gona cikin rana, tafiya mai nisa lokacin bazara, ko zawo.

Wasu magunguna: masu sa yawan fitsari da ake ba masu hawan jini ko ciwon zuciya, aspirin, da pirazinamid da ke cikin maganin tarin fuka. Kada ka daina ko ɗaya daga cikinsu da kanka. Ka faɗa wa likita, shi zai san abin yi.

Aiki biyu, magani biyu

Idan gobara ta kama ɗaki, aiki biyu ne a gabanka. Na farko, a kashe wutar. Na biyu, a kwashe karan da aka jibge kusa da murhu, don kada ta sake tashi. Haka maganin gut yake. Akwai maganin kashe wuta, wanda yake kwantar da kumburi da zafi idan ciwon ya tashi. Akwai kuma maganin kwashe kara, wanda yake rage asid urik a jini har allurran su narke. Ɗaya ba ya yin aikin ɗaya.

Duk wanda ya kawo maka magani ya ce na gut ne, na asibiti ko na gargajiya, ka tambayi kanka: wanne aiki yake yi cikin biyun nan? Ka kuma tuna ciwon yana tafiya da kansa. Mutum ya sha jiƙo kwana bakwai, ƙafa ta saɓe, ya ce jiƙon ne ya warkar da shi. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma ko da ruwan randa kaɗai ya sha, da ƙafar ta saɓe. Hanyar sanin gaskiya ita ce a auna jini a ga ko asid urik ya sauka.

Kolshisin: maganin da ya fito daga tsiro

A ƙasashen Turai akwai wani ɗan tsiro mai suna kolshikum. Yana da gindi a cikin ƙasa mai kama da albasa, yana yin fure shuɗi-shuɗi mai ɗan ja idan sanyi ya kusa shigowa. Fiye da shekara dubu ke nan masu magani suna amfani da shi don ciwon gaɓoɓi. Likitocin Larabawa da na Farisa, irin su Ibn Sina, suna kiran irin wannan tsiro suranjan. Sun ga yana kwantar da zafin gut. An kuma san tun dā yana sa amai da zawo mai tsanani, wani lokaci ya kashe wanda ya sha. Matsalar ita ce babu mai iya sanin ƙarfin maganin da ke cikin kowane gindi. Wani yana da kaɗan, wani yana da yawa, ga ido kuwa duk ɗaya suke.

A shekarar 1820, wasu masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarin da ke aiki a cikin tsiron. Shi ne yau ake kira kolshisin. Su ne kuma, a wannan shekara, suka ware kwinin, maganin zazzaɓin sauro, daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu. Da aka ware sinadarin, sai ya yiwu a auna shi, a sa daidai gwargwado a kowace ƙwaya.

Kolshisin maganin kashe wuta ne. Yana hana sojojin jiki yin cincirindo a gaɓar. Ba ya rage asid urik ko kaɗan. Ya fi aiki idan aka sha shi da wuri, cikin awa 12 na farko da tashin ciwon.

Dubi ƙanƙantar awonsa. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da rabin miligiram ko miligiram 1 na maganin. Wannan bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. A dā likitoci suna ba da shi da yawa, har sai zawo ya kama mutum. A shekarar 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da masu gut fiye da 180. An ba wasu miligiram 1.8 gaba ɗaya, aka ba wasu miligiram 4.8. Sauƙin da suka samu ya zo ɗaya. Amma cikin waɗanda suka sha da yawa, 77 cikin 100 sun yi zawo. Cikin waɗanda suka sha kaɗan, 23 ne kawai cikin 100. Ƙarin magani bai ƙara sauƙi ba, wahala ya ƙara.

Don haka idan an ba ka kolshisin, kada ka ƙara a kan abin da aka ce, ko da zafin bai tafi ba. Idan amai ko zawo ya fara, ka daina ka dawo asibiti. Ka faɗa wa likita idan kana da ciwon ƙoda ko na hanta, idan kana shan maganin ƙanjamau, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su eritromisin da kilaritromisin, domin suna sa kolshisin ya taru a jiki. Mai ciki da mai shayarwa ita ma ta faɗa. Ka ɓoye shi inda yara ba su kaiwa. Ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe yaro.

Gatarin kurege: ka san shi, ka nisance shi

Kolshikum ba ya fitowa a ƙasarmu, amma muna da wani tsiro mai ɗauke da kolshisin. Wasu suna kiransa gatarin kurege, wasu gudumar zomo, wasu baurere. Yana fitowa da damina a wurare masu laima. Yana hawa kan wasu tsirrai da bakin ganyensa mai lanƙwasa. Furensa ja da rawaya ne, ya juya sama kamar harshen wuta. Saiwarsa mai kauri ce, ta lanƙwashe kamar ƙotar gatari. A kudancin Indiya ana noma shi gona-gona, kamfanonin magani suna sayen irinsa suna tace kolshisin.

Mai yiwuwa ka ce, "Ashe maganin yana bayan gari, me zai sa in kashe kuɗi?" Kada ka kuskura. Dukan tsiron dafi ne, saiwar da irin sun fi. Ba ka da abin auna rabin miligiram a gida, kuma dafawa ba ta kashe dafin. A Indiya da Siri Lanka mutane sun mutu bayan sun ci saiwarsa, wasunsu sun ɗauka doya ce ko dankali.

Wanda ya ci, bayan ƴan awoyi bakinsa da maƙogwaronsa za su yi zafi, sai amai, zawo da ciwon ciki. Wani lokaci ya ga kamar ya sami sauƙi. Daga kwana na biyu zuwa na bakwai sai zuciya, ƙoda, hanta da ɓargo su fara kasawa. Babu makarin wannan dafi a asibitoci, sai dai a tallafi jiki da ƙarin ruwa da kulawa. Idan wani ya ci, ko yaro ko babba, ku kawo shi nan take, ko da yana cewa lafiyarsa lau. Ku zo da tsiron. Ku nuna wa yara da masu kiwo shi don su gane shi, gama dabbobi ma yana kashe su.

Yadda ake gwada tsiro kafin a kira shi magani

Za ka ji a rediyo, ko ka gani a waya, an ce "masana sun gano ganye kaza yana maganin gut". Ka tambaya: a kan me suka gwada? Gwaji hawa-hawa ne. Da farko a cikin kwalba, a ɗakin bincike. Sa'an nan a kan ɓeraye. Sa'an nan a kan mutane kaɗan. A ƙarshe a kan marasa lafiya da yawa, a ba wasu maganin, a ba wasu abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, a kwatanta. Tsirrai masu yawa sun ci hawa na farko da na biyu, suka faɗi a na ƙarshe. Game da gut akwai ƙarin dalili: jikin ɓera yana da wani sinadari mai narkar da asid urik, ɗan adam kuwa ba shi da shi. Abin da ya yi aiki a ɓera ba lalle ya yi a jikinka ba.

Ga abin da aka samu game da waɗanda aka fi magana a kansu.

Albasa. A cikin albasa, musamman ja irin ta Galmi, akwai wani sinadari mai suna kersetin. Yana rage gudun injin niƙan nan na hanta mai yin asid urik. A shekarar 2016, a birnin Lids na Ingila, aka buga wani gwaji da aka yi da maza 22 masu asid urik da ɗan yawa, amma ba su da gut. Sun sha miligiram 500 na kersetin kullum har mako huɗu. Abin da jiki yake samu daga wannan ya yi daidai da na jar albasa giram 100, wato matsakaiciya guda ɗaya. Asid urik ɗinsu ya sauka da wajen miligiram 4 zuwa 5 a lita. Labari ne mai daɗi, amma ka yi lissafi. Idan naka yana 90, ana so ya koma ƙasa da 60, tazarar 30 ce. Albasa ta ɗauke maka 5, saura 25. Ka ci albasarka a miya da kwaɗo, tana da amfani, amma ita kaɗai ba za ta kai ka ba.

Ceri da zoɓo. Ceri wani ɗan itace ne ja, ya ɗan fi magarya girma, yana yi a ƙasashe masu sanyi. Abin da ya ba shi launin ja ana kiransa antosiyanin, ana kuma zaton yana rage kumburi. A 2012, a Amurka, an bi masu gut 633 har shekara guda. An ga idan sun ci ceri, tashin ciwon a kwanakin da suka biyo yana raguwa da kashi 35 cikin 100. Amma a 2020, a ƙasar Niyu Zilan, aka ba masu gut 50 gwaji na kwana 28 da ruwan ceri mai kauri, asid urik ɗinsu bai sauka ba. Kada ka sayar da akuya don sayen ƙwayar ceri da aka kawo daga waje. Zoɓo, wanda wasu ke ce wa bisap, shi ma jan launinsa daga antosiyanin ne. Wani ƙaramin gwaji a Tailan, a 2008, ya nuna masu shansa suna ƙara zubar da asid urik a fitsari, sai dai ba masu gut ba ne aka gwada. Ka sha zoɓo, amma ka kula: irin wanda ake cika wa sukari a ƙulla a leda yana iya ƙara maka ciwon, ba rage shi ba.

Bitamin C. Yana cikin ƴaƴan kuka, gwaba, lemun tsami, lemun zaƙi da ɗanyen tumatir. Yana taimakon ƙoda ta zubar da asid urik kaɗan. A 2013, a Niyu Zilan, aka gwada shi a kan masu gut 40. Wasu sun sha miligiram 500 kullum har mako takwas, wasu aka ba su maganin asibiti mai suna alopurinol ko aka ƙara musu shi. Saukar da alopurinol ya kawo ta ninka ta bitamin C wajen sau takwas.

Kofi da shayi. Wani babban bincike a Amurka da ya bi maza fiye da 45,000 har shekara 12 ya ga masu shan kofi da yawa ba su cika kamuwa da gut kamar marasa sha ba. Shayi kuwa bai nuna wannan amfani ba. Wannan ba dalili ba ne na fara shan kofi kofi huɗu a rana, musamman ga mai gyambon ciki ko bugun zuciya. Abin lura a nan shi ne sukarin da muke zubawa. Shayin da ake sha zagaye uku, safe da yamma, sukarinsa ba kaɗan ba ne.

Citta, tafarnuwa, gangamau, zogale da habbatus sauda. An ga alamun suna rage kumburi a gwajin kwalba da na dabbobi. Babu ɗaya cikinsu da aka tabbatar yana narkar da allurran gut a jikin mutum. A abinci ba su da laifi. Ka ci su a matsayin abinci.

Wake da ganye. Wasu suna hana mai gut cin wake da alayyafo domin suna da purin. Bincike ya nuna purin na tsirrai ba ya ƙara haɗarin gut kamar na nama. Ka ci wake, gyaɗa, rama, yakuwa da kuka. Nono da kindirmo kuma suna taimakawa wajen rage asid urik. Fura da nono ba tare da sukari ba abinci ne mai kyau ga mai gut.

Maganin kasuwa da jiƙon da ba ka san cikinsa ba

Ana sayar da garin magani da ruwan magani a kwalabe, ana cewa "na itace ne zalla, yana maganin sanyin ƙashi". A ƙasashe da dama, da aka auna irin waɗannan, an tarar an daka ƙwayoyin asibiti an zuba a ciki a ɓoye, kamar deksametazon da diklofenak. Shi ya sa suke kashe zafi da sauri. Wanda ya daɗe yana shan deksametazon fuskarsa takan kumbura, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Diklofenak da ibuprofen kuwa, idan aka yi ta sha ba ƙa'ida, suna kawo gyambon ciki, aman jini da lalacewar ƙoda.

Ko itace zalla ma yana iya cutar da ƙoda. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 sun sami mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro mai suna aristolokiya. Da yawa cikinsu ƙodar ta mutu gaba ɗaya. Dangin wannan tsiro suna fitowa a ƙasarmu, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake kira duman dutse. Mai gut ya fi kowa bukatar tsare ƙodarsa, domin ita ce ƙofar da asid urik yake fita. Idan ƙofar ta toshe, ciwon ya ƙaru, magungunan da likita zai iya ba ka kuma su ragu.

Ba muna raina masu maganin gargajiya ba ne. Ka ga kolshisin da kwinin daga hannun irinsu aka gaje su. Abin da muke roƙo shi ne, duk abin da kake sha, ka zo da shi asibiti mu gani. Ba za a yi maka faɗa ba.

Maganin da ke narkar da allurran

Alopurinol shi ne maganin kwashe kara da aka fi amfani da shi. Ana ba da shi tun shekarar 1966. Ba daga tsiro aka samo shi ba, amma inda kersetin na albasa yake aiki nan yake aiki, wato yana rage gudun injin hanta, sai dai da ƙarfi ƙwarai. Ana ba wanda ciwon yake tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko mai ƙullutu, ko wanda gaɓarsa ta fara lalacewa. Mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ma likita yakan duba ya ba shi.

Ana farawa da kaɗan, yawanci miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa sannu-sannu ana auna jini. Abin da ake nema shi ne asid urik ya sauka ƙasa da miligiram 60 a lita. Wasu takardun gwaji suna rubuta wannan 6, wasu 360, gwargwadon ma'aunin da suka bi. Ka tambayi likita lambarka, ka riƙe ta.

A watannin farko ciwon yana iya tashi, domin allurran sun fara motsi suna narkewa. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su ce maganin bai karɓe su ba. Kada ka daina. Saboda wannan ne likita yakan haɗa maka da ɗan kolshisin na wata uku zuwa shida. Ka ga yadda maganin tsiro da wanda ba na tsiro ba suke aiki tare. Idan ka jure, tashin ciwon zai yi ta raguwa har ya daina, ƙullutun ma ya riƙa ƙanƙancewa cikin watanni ko shekaru. Sannu ba ta hana zuwa. Yawancin mutane za su ci gaba da shansa muddin rai, kamar maganin hawan jini. Sau ɗaya ake sha a rana, don haka mai azumi yana iya shansa da dare bayan abinci.

Gargaɗi ɗaya: idan ƙuraje suka fito maka a fata, ko bakinka ya yi gyambo, ko idanu suka yi ja tare da zazzaɓi, musamman a watannin farko, ka daina alopurinol nan take ka zo asibiti a ranar.

Idan ciwon ya tashi

Ka huta, ka ɗora ƙafar a kan matashi. Ka sa tsumma mai ruwan sanyi, ko ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, na minti 20. Ka sha ruwa sosai. Kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho, kada a murza wurin, kada a fasa ƙullutu. Ƙwayoyin cuta suna shiga ta nan, gyambon kuma yana wuyar warkewa, balle ga mai ciwon sukari. Idan kana kan alopurinol, ka ci gaba da sha. Ka zo asibiti da wuri. Idan kolshisin bai dace da jikinka ba, akwai wasu magungunan kashe wutar da likita zai zaɓa maka.

Ka zo a ranar, kada ka kwana, idan kumburin ya zo da zazzaɓi ko rawar sanyi, idan wannan ne karo na farko, idan akwai rauni ko ruwa yana fita kusa da gaɓar, ko idan yaro ne. Ba kowace gaɓa mai zafi ce gut ba. Ƙwayoyin cuta suna iya shiga gaɓa su tara mugunya, su lalata ta cikin kwanaki kaɗan. Wani lokaci sai likita ya zuƙo ruwan gaɓar da allura ya duba a madubin asibiti kafin a bambanta su.

Ka tuna

1. Gut ba sammu ba ne. Asid urik ne ya daskare a gaɓa, kuma yana da magani.
2. Lafawar zafi ba warkewa ba ce. Awon jini ne yake nuna gaskiya.
3. Kolshisin daga tsiro yake, amma a ƙwaya kaɗai ake shansa, daidai yadda likita ya ce.
4. Kada ka ci, kada ka jiƙa, kada ka dafa gatarin kurege.
5. Albasa, kuka, gwaba, wake, ganye, nono da zoɓo marar sukari abokan tafiya ne. Ba su maye gurbin alopurinol.
6. Ka rage kayan ciki da sukari, ka bar giya. Idan kana da ƙiba, ka rage ta a hankali.
7. Ka sha ruwa har fitsarinka ya yi haske, sai dai idan likita ya ƙayyade maka ruwa saboda zuciya ko ƙoda.
8. Ka zo da dukan magungunanka, na asibiti da na gida, duk ranar da za ka ga likita.

Idan ka gama karantawa, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Wataƙila a unguwarku akwai dattijon da ya shekara goma yana ɗingishi, yana ɗauka haka zai ƙare. Ka gaya masa ya zo a auna jininsa. Allah ya ƙara lafiya.